Ƙwayar Idonsa ta Hagu

Ranar wata Talata da hantsi wutar shagon tabarau ta ɗauke, ana tsakiyar gwada wa wata tsohuwa ido. Mai shagon ya buga waya. Ba a yi rabin awa ba sai ga wani dogon saurayi ya shigo da jakar kayan aiki a hannu da tsani a kafaɗa. Yana juyawa ƙafar tsanin ta kusa share jerin gilasan da ke jikin bango.

"Malam, a hankali!" in ji budurwar da ke gwajin idon. "Gyara aka kira ka ko rushe shago?"

Ya tsaya cak, ya kalle ta, ya manta da tsanin har sai da ya sake bugun ƙofa.

Auta ake ce mata a gida da wurin aiki, don ita ce ta ƙarshe a wurin iyayenta. Shi kuma mai haɗa wutar sola ne, kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake da bakinsa yana cewa takardarsa ba ta kai can ba.

Ya gyara wutar cikin minti ashirin. Sai dai Auta ta lura yana matse ido kafin ya karanta ƙananan lambobin da ke jikin batir.

"Zo in duba ka," ta ce. "Mai aiki da wuta bai kamata ya riƙa cankar lamba ba."

Ta shigar da shi ɗakin gwaji, ta rage haske, ta zaunar da shi. Ta ɗauko 'yar tocilarta mai kama da biro ta haska idonsa na dama, sannan na hagu.

"Me kike nema a ciki?"

"Ka ga ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido? Ƙofar haske ce. Haske ya yi yawa ta tsuke, duhu ya yi ta buɗe. Amma ba haske kaɗai take bi ba, ƙwaƙwalwa ce ke juya ta. Goma sha bakwai sau goma sha uku nawa?"

Ya fara lissafi yana motsa leɓe. Ita kuwa ta zuba wa idon ido, tana ganin ɗigon yana faɗaɗa a hankali.

"Ɗari biyu da ashirin da ɗaya."

"Ban damu da amsar ba. So nake in ga ta buɗe, ta kuwa buɗe. Haka take yi in mutum yana tunani mai nauyi, ko ya tsorata, ko ya ga abin da ransa ke so."

"To yanzu da na gama lissafin, ta koma?"

Ta sake leƙawa. Ba ta koma ba. Ta yi saurin kunna fitilar ɗakin.

"Ƙifta ido mana, Malam. Tun ɗazu ba ka ƙifta ba."

"Shi ma laifi ne?"

"In hankalin mutum ya tafi wuri guda ƙiftawa raguwa take yi. Sai idon ya bushe."

"Bar shi ya bushe," ya ce.

Ta sunkuyar da kai kan takardar tambayoyi don kada ya ga murmushinta. Ta tambaye shi ko akwai mai ciwon ido a danginsu. Ya ce babu. Ta tambayi iyayensa. Nan fara'arsa ta ɗan ragu.

"Mama tana nan lafiya. Mahaifina da safe ya ce kansa na ciwo, kafin azahar ya rasu. Shekararsa arba'in da shida. Har yau ba mu san mene ne ba."

Ta yi masa ta'aziyya, ta rubuta, ta zaɓa masa gilashin karatu mara nauyi.

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo wayarta.

"Malamata, gilashin ya yi. Yanzu ina ganin lamba tas. Amma na duba lambobin garin nan kaf, taki ce kaɗai na haddace."

Ta bari sai da awa guda ta wuce kafin ta amsa.

"Dogo, a ina ka samu lambata?"

"A jikin takardar gilashin. Ke kika rubuta, da jan biro ma."

Haka abin ya fara. Kullum sai ya sami dalilin leƙo batiran shagon, har mai shagon ya ce bai taɓa ganin batir mai gata irin nasa ba. Wata huɗu ba su cika ba Injiniya ya ce yana son ya gaida Baba, mahaifin Auta.

Baba tsohon direban babbar mota ne, mutum mai sanyin magana. Ya karɓi gaisuwar da mutunci, ya tambayi sana'a, ya ji. Bayan baƙon ya tafi ya kira Auta.

"Mai hawa saman gini?"

"Baba, da igiya yake hawa."

"Wancan ma da igiya yake hawa."

Yayar Auta tana zaune a gefe tana ninke kaya, hannunta ya tsaya. Mijinta magini ne, shekara uku ke nan da ya faɗo daga bene hawa huɗu. Tun daga ranar ta dawo gida da 'yarta guda.

"Na binne suruki ɗaya," in ji Baba. "Ba ni da ƙarfin binne na biyu. Ga mai kemis ɗin da ke kusa da shagonku, sau biyu yana turo mini magana. Yaro natsattse, wuni yake a kujera ƙarƙashin fanka. Abin da ya fi tsawo da yake hawa shi ne benci."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Dogona, Baba ya ƙi. Ba ƙinka yake yi ba, tsoro yake ji. Ka ba ni lokaci."

"Haskena, lokaci naki ne duka. Ni dai kaina ne ya dame ni kwana biyu, bayan idon hagu. Ina jin tunanin Baba ne."

Ta ce ya sha magani ya huta. Daga baya ta sha tuna wannan amsar tata.

Kwana uku bayan haka, da tsakar rana, ya turo mata hoto. Yana tsaye a saman wani bene, rana ta haske masa fuska, yana dariya, ga faifan sola a jere a bayansa. A ƙasa ya rubuta: "Gaida Malama daga sama."

Ta yi murmushi, ta buɗa hoton da yatsu biyu don ta ga fuskar sosai. Murmushin ya tsaya.

A irin wannan rana mai ƙarfi dole ƙwayar ido ta tsuke. Ta dama ta tsuke kamar kan allura. Ta hagu kuwa a buɗe take, baƙa ƙirin, kamar yana cikin ɗaki mai duhu. Fatar idon ma ta ɗan sauko.

Ta san wannan. Ta karanta shi a makaranta, malaminsu ya buga tebur ya ce duk ranar da suka gan shi tare da ciwon kai, su ajiye komai su ruga da mutumin asibiti. Ta tuna ciwon kan. Ta tuna mahaifinsa, da safe zuwa azahar.

Ta kira shi. Bai ɗaga ba. Ta sake kira, ta sake. Sai ta rubuta:

"Ka zauna inda kake. Kada ka taka tsani. Don Allah kada ka motsa. Ina zuwa."

Saƙon bai nuna an karanta ba.

Ta fito da gudu ko jaka ba ta ɗauka ba, tocilar kawai ce a aljihunta. Titi babu abin hawa. Mota guda ce a ƙofar, ta mai kemis. Ta faɗa cikin shagonsa.

"Don Allah ka kai ni wani wuri. Yanzu."

Ya kalli fuskarta, bai tambayi komai ba, ya ɗauki makulli.

Ta san ginin, don Injiniya ya faɗa mata da safe. Suna isa ta hango shi can sama, ya dafa bango da hannu guda. Shi ma ya hango ta. Ya ga motar da ta fito daga ciki, ya ga wanda ke tuƙi.

"Dogo! Kada ka sauko tukuna!"

"Ashe har an gama magana," ya ɗago murya daga sama. "Rakiya ya yi miki ki faɗa mini?"

"Ba wannan ba ne! Ka saurare ni!"

Bai saurara ba. Ya kwance igiyar ƙugunsa cikin fushi ya nufi bakin rufin inda tsanin yake. Ya miƙa ƙafa. Ƙafar ta sauka a iska, tazarar taku guda daga tsanin.

Auta ta ƙwalla ƙara.

Ya koma da baya ya faɗi zaune a kan rufin. Muryarsa da ta sake fitowa ba ta fushi ba ce.

"Auta. Tsani biyu nake gani."

Ta ɗaga murya. "Na sani. Rufe idon hagu. Rufe shi gam. Nawa kake gani yanzu?"

"Ɗaya."

"Shi ne na gaskiya. Mayar da igiyarka. Kada ka buɗe idon ko me ya faru. Ina ƙirga maka."

Mai kemis ya riƙe gindin tsanin da hannu biyu. Ita kuma tana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, kowane taku sai ta ji kamar zuciyarta ake takawa. A na goma sha ɗaya takalminsa ya zame, ya rungume tsanin. Sannan ya ci gaba.

Yana taka ƙasa ta ja shi inuwa ta haska idon dama. Ɗigon ya tsuke nan take. Ta haska na hagu. Ko motsi bai yi ba.

"Shiga mota," ta ce.

"Kayan aikina..."

"Shiga mota, Dogo!"

A asibiti ba ta tsaya layi ba. Ta tare nas ta faɗi abin da ta gani cikin jimla biyu, nas ɗin ta ajiye takardun hannunta ta kira likita. Aka ɗauki hoton kansa. Kafin a fito da sakamako Mama, mahaifiyarsa, ta iso, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa daban-daban.

Likitar mace ce mai furfura a goshi. Ta nuna musu hoton a allo.

"Wata jijiyar jini ce a ƙasan ƙwaƙwalwa ta kumbura, ta yi kamar ƙaramin balan-balan. Kumburin ya danne jijiyar da ke tsuke ƙwayar ido da ɗaga fatarsa. Shi ya sa idon ya tona mana asirin. Idan ta fashe..." Ta kalli Mama, ta sauya magana. "Yau za mu shiga da shi. Wa ya fara lura?"

Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Kin kyauta. Da yawa ba a kawo mana su da ƙafafunsu."

Mama ta dafe ƙirji. "Abin da ya ɗauki babansa ke nan?"

"Mai yiwuwa ne, Mama. Yakan bi jini."

Aka kwantar da shi ana shirya ɗakin tiyata. Aka ce kada ya yi yunƙuri, kada ya yi doguwar magana. Auta ta zauna a gefen gadon tana kallon agogon bango. Ƙarfe uku saura kwata.

"Haskena," ya ce a hankali. "Ki yafe mini maganar da na yi a sama."

"Yi shiru. Ka warke tukuna, sannan in yi maka faɗan da kyau."

Ya fara murmushi. Sai fuskarsa ta canza. Ya kama kansa da hannu biyu ya saki wata irin ƙara da ba ta taɓa jin namiji ya yi ba.

"Kaina! Auta, kaina!"

Ya yi amai. Jikinsa ya saki. Ta kira sunansa, bai amsa ba. Ma'aikata suka cika ɗakin, wani ya ture ta gefe, aka tura gadon da gudu, ƙofa mai ƙyaure biyu ta rufe a fuskarta.

Awa biyar suka yi a benci ita da Mama. Mama tana jan carbi, in ta kai ƙarshe ta manta ta sake farawa. Duk ƙofar da ta motsa sai su miƙe tare. Auta ta kira Yaya, ta kasa magana, kuka kawai take. Yaya ta ce, "Ina zuwa," ta kashe.

Da likitar ta fito ta cire hular kanta ta zauna kusa da su.

"Ta tsage, jini ya ɗan fita, amma mun ɗaure ta. Yana raye. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai farka. Sai mun jira."

Kwana uku bai farka ba. Yana ɗakin kulawa ta musamman, kansa a naɗe, roba a bakinsa, inji yana taya shi numfashi. Minti goma sha biyar ake ba su da la'asar. Kowace awa nas takan ɗaga fatar idonsa ta haska ta rubuta. Auta ta san abin da ake tsoro. Muddin ƙwayar idon dama tana tsukewa, ƙwaƙwalwar na nan tana amsawa. Ranar da ita ma ta buɗe ta ƙi motsi, an shiga wani hali.

Don haka duk shigarta ba injin take kallo ba, hannun nas take kallo. Tocila ta haska, sai ta ɗauke numfashi. Ɗigon ya tsuke, sai ta sauke.

Mai kemis ne yake kawo ta kullum ya mayar da ita. A hanya ba ya cewa komai sai "Allah ya ba shi lafiya."

Rana ta huɗu aka rage masa maganin barci. Da suka shiga idonsa na dama a buɗe yake, yana kallon silin. Mama ta kira shi, bai juyo ba. Likita ta matso.

"Buɗe ido ba shi ne farkawa ba," ta ce musu a hankali. "Ido kan buɗe, ya ƙifta da kansa, alhali mai shi ba ya nan. So muke mu ga ya ƙifta don an ce ya yi." Ta sunkuya. "Injiniya, in kana jina, ƙifta sau biyu."

Idon ya ƙifta sau ɗaya, irin ta kowa. Suka jira ta biyun. Ba ta zo ba.

Likitar ta sake gwadawa. Babu.

"Gwada ke," in ji likitar.

Ta matso daidai kunnensa.

"Dogona. Ni ce. Kana bina faɗa, ka tuna? In kana jina, ƙifta mini sau biyu. A hankali."

Idon ya bar silin. Ya yi ta yawo kamar mai neman wani a kasuwa, har ya sauka a fuskarta. Ya rufe, ya buɗe. Ya sake rufewa da ƙarfi, ya buɗe.

Mama ta zube a ƙasa tana hamdala. Likitar ba ta yarda ba tukuna.

"Sau ɗaya a'a, sau biyu e. Wannan da ke tsaye matarka ce?"

Sau ɗaya.

"Kana so ta zama?"

Sau biyu, da sauri, har da na uku. Nas ta fashe da dariya, Auta ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Bayan sati uku aka sallame shi. Yana magana, yana tafiya, ko da yake a hankali. Amma idon hagu ya rufe ruf, in ya ɗaga fatar da yatsa komai biyu yake gani. Likita ta ce jijiyar takan yi watanni kafin ta farfaɗo, wani lokaci ba ta dawowa duka. Hawa sama kuwa ta haramta masa har abada.

Baba ya je ya duba shi, ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Da ya dawo gida ya ce wa Auta, "Da ina tsoron ya faɗo. Yanzu abin a cikin kansa yake. Ki yi haƙuri, 'yata. Ban yarda ba."

Maganar ta kai kunnen Injiniya. Ya kuma ji wanda ya yi ta jigilarta zuwa asibiti. Wata safiya tana shago saƙo ya shigo.

"Auta, na gode da raina da kika tsamo. Amma Baba yana da gaskiya. Ba sana'a, ba ido, kai a ɗinke. Duk ciwon kan da na yi sai kin firgita, haka za ki ƙare rayuwa. Mai kemis mutumin kirki ne, na shaida. Ki bi maganar Baba. Kada ki amsa wannan saƙon."

Ba ta amsa ba. Ta rufe ɗakin gwaji ta tafi gidansu da ƙafarta. Ta same shi a tsakar gida, ya baje wata tsohuwar rediyo a kan tabarma yana ƙoƙarin saka ɗan ƙaramin noti da ido guda.

"Wa ya ba ka izinin rabar da ni kamar kayan gado?"

"Auta..."

"Mai kemis tun ranar da aka yi maka aiki ya janye. Da bakinsa ya ce mini ya ga fuskata a mota, ya san ba shi da wuri. Ya ci gaba da kai ni ne don Allah. Wata mai zuwa ma za a sa masa rana da wata yarinya."

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji. Ko tari na yi sai in ji kamar ita ce. In na kwanta ina tsoron rufe idon da ya rage."

Ta zauna a bakin tabarmar. "Ni ma ina ji. Wayata ta yi ƙara sai cikina ya ɗuri ruwa. In na auri wani kana tsammanin zai daina? Gara in ji tsoron ina kusa da kai, da tocilata a hannu."

Ya yi dariyar da ta zo da hawaye. "Da ita za ki tare?"

"Ita ce farkon abin da zan sa a akwati."

A gida Yaya ce ta tari Baba. Ba ta taɓa ɗaga masa maganar mijinta ba sai ranar. Ta durƙusa a gabansa bayan ya idar da sallar la'asar.

"Baba, kullum kana cewa ka binne suruki. Ni miji na binne. Shekara huɗu na yi da shi. Da za a dawo da ni baya a ce ga ranar da zai faɗo, wallahi shi zan sake aura. Kada ka hana Auta saboda ni. Ba na son a riƙa tsorata mutane da ni."

Baba ya cire hularsa ya juya ta a hannu.

"Yaushe zai koma ganin likita?"

"Wata na shida za a sake ɗaukar hoton."

"Da ni za a je. Da kunnena zan ji."

Watannin suka ja jiki. Injiniya ya kama ɗan shago ya koma gyaran batira da injinan sola a kan tebur, masu hawa sama suna kawo masa. A wata na huɗu fatar idon ta fara ɗagawa kaɗan. A na biyar ya turo saƙo: "Haskena, yau na ga Mama guda ɗaya. Ta ce dama ita kaɗai ce, ni ne mai ƙari."

Ranar hoton su huɗu suka je. Aka shigar da shi cikin injin, aka fito, aka ce su jira. Jiran ya fi awa biyu. Baba ya tashi ya zauna ya fi sau goma.

Likitar ta kira su. Ta daɗe tana jujjuya hoton a allo, har Mama ta fara salati a ƙasa-ƙasa.

Baba ya kasa haƙuri. "Likita, ni ba ɗan boko ba ne. Tambaya ɗaya gare ni. Zai mutu ya bar mini 'ya?"

Ta juyo ta cire gilashinta.

"Baba, ni kaina ban san ko zan kai gobe ba. Abin da na sani shi ne wannan. Inda muka ɗaure ya ɗauru, jini ba ya shiga. Na bi sauran jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na daɗe, ban ga wani kumburi ba. Ya sha maganin hawan jininsa, ya zo duk shekara mu duba. Ciwon da ya tafi da mahaifinsa ba a gan shi ba. Nasa an gan shi."

Baba ya tashi ya fita. Suka same shi a benci a waje, ya haɗa kai da gwiwa. Injiniya ya durƙusa a gabansa.

Baba ya ɗago, idonsa jawur. "Maganin nan, in na ji ka tsallake kwana ɗaya, da kaina zan zo in ɗura maka."

"Na yarda, Baba."

"To ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, da safe, cikin 'yan uwa da abokan aiki. Likitar ta aiko da gaisuwa, mai kemis ya zo da amaryarsa. Idon ango na hagu bai gama buɗewa ba, ya tsaya a rabi, abokansa suna ta tsokanarsa wai tun yanzu ya fara kashe wa amarya ido.

Da la'asar, kafin a tafi da ita, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya kama hannun Auta ya sa a na mijinta, ya riƙe su duka da nasa.

"Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ina jin tsoro. Ina jin da shi zan mutu. Amma wannan nawa ne, ba naku ba. Ku je. Allah ya ba ku tsawon rai tare, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku ne za ku binne ni, ba ni ba."

"Amin, Baba," suka ce. Yaya tana bakin ƙofa tana share hawaye, ita ma ta amsa.

A mota, Auta tana baya tsakanin Yaya da surukarta Mama, wayarta ta yi motsi a cikin tafin hannunta. Daga motar da ke gabansu saƙon ya fito.

"Amaryata, likita ta hana ni ɗaukar abu mai nauyi, ga shi Baba ya ɗora mini mafi nauyi a gidansa."

Ta goge ido da bakin mayafi ta rubuta:

"Ba kai kaɗai za ka ɗauka ba, mijina. Ka sha maganin yamma?"

"Na sha. Baba ya riga ki tambaya."

Ta yi dariya cikin kuka. Mama ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta, tana shafa ta tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya yi muku albarka."